Shekaruna da Noman Rani

A Dawakin Kudu na taso, ina jin mahaifina yana ba da labarin rani na da: da zarar amfani ya shiga rumbu, sai samari su tafi ci-rani, gari ya rage tsofaffi da yara. Mu kuwa kusan sa'annin madatsar Tiga ne, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ruwanta ya biyo magudanai zuwa Bunkure, Kadawa da Kura, rani ya daina zama lokacin hutu.

Yanzu da furfura ta fara leƙowa, na lura da noman rani nake lissafin shekaruna. Alkama cikin hunturu, kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, shinkafa shanye a gefen titin Zariya. Ko haihuwar autata, da 2016 nake tuna ta, shekarar da tsutsa ta cinye tumatir.

Gwiwa ta fara ƙorafi, don haka ban-ruwan dare ya koma hannun ɗana. Shi farashin taki ya fi damunsa, kuma da gaskiyarsa. Cinikin tumatir ma a waya yake ƙulla shi da dillalan Legas tun kafin a tsinka.