Abin da ke gefen takarda

Tun ina yaro nake rera Burda a daren Mauludi, na haddace ta tsaf, amma sai a wani zaure a Deule, can ƙasar Buza, na san me nake faɗa! Gaisuwar rasuwa ta kai ni. Bayan La'asar wani dattijon malami ya jawo gafaka, ya kwance igiyar, ya zaro warƙoƙi sun yi jawur don tsufa. Baitocin Imam Busiri na tsakiya da manyan baƙaƙe, layi bai fi bakwai a shafi ba. Sauran filin kuwa, sama da ƙasa da gefe har tsakanin layuka, cike yake da ƙananan rubutu, wani a karkace, wani a kife sai ka juya takardar, wani da jar tawada, wani Larabci, wani ajamin Hausa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Nan karatun yake, ɗana. Na tsakiya kowa na iya rerawa."

Ya ɗora yatsa kan sunayen wuraren da waƙar ta buɗe da su, Zi Salam da Kazima da Idam. Ni a da sunaye ne kawai masu daɗin faɗi. Ashe al'adar mawaƙan Larabawa ce tun kafin Musulunci su fara da tuna mazaunin masoyi, Busiri ya ari salon ya juya shi zuwa begen Annabi. Ko sunan waƙar ma yana tuna wa mutum mayafin da Manzon Allah ya yafa wa Ka'abu ɗan Zuhairu. Muka zo baitocin haihuwa: fadar Kisra da ta tsage, wutar Farisa da ta mutu, tafkin Sawa da ya ƙafe. Busiri ya ambace su a gurguje ya wuce, mai sharhi ne ya tsaya ya ba da labarin kowanne.

A kan tafkin nan ne jikina ya yi tsam. Wani alƙalami ya rubuta cewa a ƙasar Farisa yake. Ƙasa da shi wani hannu daban, tawadarsa ta fi baƙi, ya kawo ƙaulin masu cewa tafkin Ɗabariyya ne. Na uku ya zo ya goyi bayan na farko. Mutum uku da wataƙila ba su taɓa haɗuwa ba suna muhawara a fili da bai kai tafin hannu ba, kuma ba wanda ya kankare na wani.

Malam bai bar ni na huta ba, ya ɗauko Ishiriniya. Alfazazi, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a 1230, ya tsara ta baiti ashirin-ashirin ga kowane harafi, Ibn Muhibu ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a gaban kowane biyu. Sai ga namu: Ɗan Masani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi mata sharhi sukutum mai suna Nafhatul Anbariyya. Ba abin mamaki ba ne a tarar da irin wannan a nan, don Maratta inda aka haifi Shehu Usmanu a 1754 ba ta da nisa, kuma malaminsa Jibrilu ɗan Umaru a wannan yanki ya yi zama.

Da na koma gida na shiga bincike, sai na ci karo da Japan. A 1205, daidai zamanin Alfazazi, aka kammala kundin waƙoƙin fada mai suna Shin Kokinshu, cikin masu tattara shi har da Fujiwara no Teika. Waƙarsu gaɓa 31 ce kacal, don haka mawaƙi kan ɗauko 'yan kalmomi daga tsohuwar waƙa ya dasa a tasa, mai sauraro ya ji biyu a lokaci guda. Honkadori suke kiran wannan. Teika har ƙa'ida ya shimfiɗa: kada aron ya yi yawa, kuma a sauya jigo, waƙar yanayi ta koma ta soyayya. Su ma suna da nasu Kazima. Da an ce Yoshino, kowa ya tuna furanni da ƙanƙara. Sai dai su sharhin tsohon kundinsu na Kokinshu sirri suka mai da shi, malami ya zaɓi almajiri ya ba shi a ɓoye. Namu a zaure yake, ƙofa a buɗe.

Abin da ke ci mini rai shi ne bugun da muke saye a kasuwa, mai tsabta, mai wasali, gefensa fari fat. Almajiran zauren ma shi suke riƙewa, don ya fi sauƙin karantawa. Na roƙi Malam izinin ɗaukar warƙoƙin a waya, ya yarda, da sharaɗin in dawo in biya su a gabansa tun daga farko.