Kiɗa Ma Yana Rubutuwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini, in yi wa 'yan'uwana samari bayanin wani abu da da yawansu ke sha'awa, amma sun ɗauka ya fi ƙarfinsu, watau kiɗan jita. Ni dai akawu ne, ban gaji kiɗa ba ta wajen uwa ko uba. Daga takarda na koya, in na taso daga ofis. Don haka nake so in nuna kiɗa ma yana rubutuwa, kamar yadda magana ke rubutuwa.

Jita dangin molo ce, mai tsirkiya 6. Wani masassaƙi na ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rasu cikin 1892, shi ya daidaita siffarta ta zamani. Babban abin da ya raba ta da molo da garaya shi ne 'yan ƙarafan da aka gitta a wuyanta, suka raba shi gaɓa-gaɓa kamar rake. In ka danne tsirkiya a wata gaɓa, ka rage tsawonta ke nan, sai muryarta ta ƙara tashi. Ƙarfe na 12 yana daidai tsakiyar tsirkiya, muryarsa kuwa ita ce ta tsirkiyar da ba a danne ba, sai dai ta fi siranta, kamar yaro ya amsa waƙar babba. Yawanci akan ɗiga alama a gaɓa ta 3, da ta 5, da ta 7, da ta 9, da ta 12, don kada ido ya ɓace.

To, tun da kowace gaɓa tana da lamba, rubutun ya zo da sauƙi. Turawa suna kiransa tablaca. Sai a ja layi 6 a takarda, kowane layi tsirkiya guda, na sama shi ne siririyar, na ƙasa mai kaurin. Lambar da aka rubuta bisa layi ita ce gaɓar da za ka danne. In ka ga 0, sai ka kaɗa ba dannewa. In lambobi sun hau kan juna, tare za ka kaɗa su. Ana bin su daga hagu zuwa dama kamar karatun boko. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, gama tun cikin 1507 wani mai ɗab'i, Petrucci, ya buga littafin kiɗa da irin wannan rubutu a birnin Banis na Italiya, har yanzu kuwa ana kaɗa abin da ke ciki.

Ga mai farawa, shawarata ita ce ya yanke farcen hannun da yake dannewa da shi, ya sa babban yatsa a bayan wuyan jita, ya danna da kan yatsa dab da ƙarfen, kada ya hau samansa. Wajen ɗaure tsirkiya kuwa, gaɓa ta 5 ta kowace tsirkiya ita ce muryar siririyar da ke biye da ita, ban da ta 3 daga siririyar, wadda ake dannewa a gaɓa ta 4. Yatsu za su yi zafi kwana biyu kafin su yi kanta, amma sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai fa takardar nan wurin sa yatsa take nunawa, galibi ba ta faɗin tsawon lokacin da za a ja kowace murya. Wannan aikin kunne ne. Wanda ya riƙe takarda ya ƙi sauraren gwanaye, kiɗansa zai fito kamar karatun da ba waƙafi.

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, mu namu kiɗan a yatsun masu shi kaɗai yake. Ɗan Maraya Jos ya rasu cikin 2015. Muryar kuntiginsa tana nan cikin faifai, amma faifai ba ya nuna wa yaro inda zai sa yatsa. Wasunmu masu ilmi suna ganin kiɗa aikin maroƙa ne, bai kamaci ma'aikaci ba, alhali kuwa mu ne muka iya alƙalami da awo. Gaskiya ne molo da gurmi ba su da ƙarafa a wuya, amma ana iya auna wuyan, a yi masa alama, a ba kowane wuri lamba, sa'an nan a zauna gaban tsofaffin makaɗa da ladabi, a rubuta tun suna da rai.

Ina fata wanda ya taɓa gwada haka, ko malamin makaranta ne ko makaɗi, ya aiko wa Edita da labari mu ƙaru.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.