KUNNUWAN SITIYARI DA JAR FITILA

Mu uku ne 'yan ɗaki ɗaya a zangon Kumasi muka haɗa kuɗi muka sayi mota 'yar Japan, ta hannu, mai giya otomatik. Ita ke kai mahaifiyarmu asibiti, ita ke kai mu biki da ta'aziyya. Ba ta taɓa ba mu kunya ba, sai ranar da autanmu ya ga wasu 'yan kunnuwa biyu a bayan sitiyarin motar abokinsa. In ka ja na dama giya ta hau, in ka ja na hagu ta sauka, hannunka bai bar sitiyari ba. Tun daga ranar ba mu sake samun sakat ba.

Asalin abin nan daga tseren motoci na Formula 1 ya fito. Kamfanin Ferrari ne ya fara sa shi a motar tserensa a 1989, kuma Nigel Mansell ya ci tseren Brazil da ita a fitarta ta farko. A 1997 kamfanin ya sa shi a motar titi mai suna F355. Sannu a hankali har ya iso ga motocin talakawa irinmu.

Da muka shiga bincike, sai muka tarar kunnuwan iri biyu ne. Akwai na liƙawa da gam, waɗanda ƙarin tsawo ne kawai ga motar da ta riga ta zo da nata. In babu na asali, ado ne kurum, ba sa canza komai. Akwai kuma na gaske masu waya, su kuwa ba sa aiki sai in kwamfutar giyar motar ta san umurnin hannu. Tamu tana da gurbin + da − a jikin sandar giya, saboda haka muka sayo sitiyari na hannu mai kunnuwa a Magazin na Suame, muka ce ai kwance kusoshi ne kawai, mu ma za mu iya.

To, garin neman ƙiba muka samo rama. A bayan sitiyari akwai wata siririyar waya mai faɗi, naɗe cikin gwangwani kamar zaren kaset. Ita ke kai wuta ga ham da jakar iskar da ke kumbura ta tare ƙirjin direba in an yi karo. Juyinta kusan biyu da rabi ne kowane ɓangare, kuma dole a mayar da ita a tsakiya, tayoyi na kallon gaba. Mu ba mu sani ba. Kwanar farko da muka sha muka ji ƙas! Ham ya mutu, kunnuwa ba su motsa ba, jar fitilar jakar iska ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa.

Wani yaro mai gyaran waya ya ce mu ba shi kuɗi kaɗan ya rufe fitilar, ba wanda zai sani. Gaskiya, jama'a, sai da muka yi shiru muna dubansa, domin aljihu ya riga ya yi sauƙi. Amma muka wuce wurin tsohon fita da ya gyara wa mahaifinmu mota tun muna yara.

Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, “Samari, da kuka kwance jakar nan, kun cire kan batir?”

Muka ce, “A'a, Baba.”

Ya daɗe yana girgiza kai. Ya ce ana cire batir ne a jira 'yan mintoci, domin na'urar tana riƙe sauran wuta, kuma jakar na iya fashewa a fuskar mutum kafin ya ƙifta ido. Game da rufe fitila kuwa, cewa ya yi, “Fitilar ba ita ce cutar ba, faɗa muku take yi. In kun rufe bakinta, wa kuka ruɗa? Uwarku ce ke shiga motar nan.”

Ya nemo wayar da ta dace, mai isassun layuka har da na kunnuwan, domin tamu ta asali ba ta da su. Kuɗinta ya ci abin da muka ware na sababbin tayoyi, sai muka ɗaga sayensu wata guda, motar na ajiye a gida.

Amfanin kunnuwan na gaskiya sai a gangaren dutsen Kwahu muka gan shi, muna saukowa Nkawkaw. Muka ja na hagu, giya ta sauka, inji ya riƙe mota, birki bai yi zafi ba. Tsohon ya yi dariya da muka ba shi labari, ya ce sandar giyarmu ma tana yin haka tun da can.

Don haka 'yan'uwa, ba mu hana kowa sa kunnuwa ba. Amma ku fara tambaya ko motarku za ta karɓa, ku ba wanda ya san aikin, kuma in kun tayar da mota ku tabbata jar fitilar nan ta kama na ɗan lokaci sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa wani ya rufe ta. Allah ya kiyaye mu a kan hanya, amin.