Awa 90 a Kano, Awa 6 a Dubai

Deira, tsohon ɓangaren Dubai inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, cike take da kamfanonin aika kaya. Ɗaya daga cikinsu ya yi alkawari a rubuce cewa duk ƙorafin da aka shigar zai amsa shi cikin awa 8 na aiki. Abokin tafiyata, wani Alhaji ɗan Kantin Kwari, ya taɓa aika musu ƙorafi ranar Alhamis, ba a amsa ba sai Litinin, amma takardarsu ta nuna ba su saɓa alkawari ba. Da muka isa Dubai ya ce shi fa sai ya ga mai yin wannan lissafi ido da ido.

Wani matashi ne ɗan jihar Kerala ta Indiya, a wani ɗan ofis a saman sito. Bai tsaya gardama ba, sai ya juyo mana fuskar kwamfutarsa.

Rumbun bayanansu yana ajiye lokacin shigowar kowane ƙorafi da lokacin amsa shi. Na Alhaji ya shigo Alhamis ƙarfe 4 na yamma agogon Dubai, an amsa Litinin ƙarfe 10 na safe. In ka ɗebe wannan daga wancan, awa 90 ke nan. To amma ofishin yana buɗewa ƙarfe 9 ya tashi ƙarfe 6, ranar Juma'a ya tashi 12 na rana, Asabar da Lahadi kuwa a kulle. Saboda haka awa 2 ranar Alhamis, 3 ranar Juma'a, 1 ranar Litinin. Jimla 6.

Tambayar da ya rubuta wa rumbun da harshen SQL ba ta cika shafi ba. Tana bin duk ranar da ƙorafin ya ratsa, ta ɗauki wanda ya fi jinkiri tsakanin shigowarsa da buɗe ofis, ta ɗauki wanda ya riga tsakanin amsarsa da tashi, ta fitar da tazarar, sannan ta tara. Wahalar tana ga jadawalin da tambayar ke jingina da shi: layi guda ga kowace rana ta shekara, da lokacin buɗewa da na tashi, duka da hannu ake shigarwa.

Na tambaye shi me ya hana ya ce wa na'urar ta tsallake Asabar da Lahadi kawai. Ya yi dariya. Kafin 2006 hutun mako a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, inda Dubai take, Alhamis da Juma'a ne. Aka mayar da shi Juma'a da Asabar. A Janairun 2022 gwamnati ta koma Asabar da Lahadi tare da rabin yinin Juma'a, kamfanoni masu zaman kansu kuma kowa ya bi abin da ya ga dama. Sharja, da ke manne da Dubai, ta ba ma'aikatanta kwana 3 cur, Juma'a zuwa Lahadi. Ya gwada mana: da ƙorafin Alhaji a 2021 ya shigo, sa'ad da Lahadi ranar aiki ce, da awa 12 zai fito, da kamfanin ya sha ƙasa. Duk wanda ya ɗora dokar bana a kan bayanan shekarun baya, rahotonsa ƙarya ne ko da lissafinsa daidai ne.

Ga kuma azumi, da doka ta rage wa ma'aikata awa 2 a kullum. Ga hutun tsakar rana na masu aiki a fili, daga 12:30 zuwa 3:00, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, wanda ke shafar masu lodi. Hutun ƙaramar Sallah kuwa ba ya shiga jadawali da tabbaci sai an ga wata. Ya ce daren 29 ga Ramadan shi ma jiran sanarwa yake yi, alhali ba Musulmi ba ne.

A ganina lissafin ya yi wa ma'aikaci adalci, don ba a tuhumar mutum da sa'o'in da yake barci. Sai dai agogon mai shago ne, ba na mai jira ba. Dubai ta riga Kano da awa 3, saboda haka ranar Juma'a ƙarfe 9 na safe, kafin a gama buɗe shaguna a Kwari, su can sun riga sun kulle. Asabar kuma mu kasuwa muke ci.

Alhaji ya juyo gare ni: "Malam, ka ce masa ya riƙa sa duka biyun a takardar, nasu da namu." Matashin ya ce ƙara layi ɗaya ne, ba zai ɗauke shi minti biyar ba, amma sai manaja ya yarda abokan ciniki su riƙa ganin 90 ɗin.