Daren da Muka Kwana a Bakin Ƙorama

Rana ta biyu ce da fara zagayen tsaunin Mont Blanc, hanyar nan mai kusan kilomita 170 da ta ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Tun hantsi muka bar Les Contamines, ni da abokin karatuna, kowa da jaka a baya. Gadajen masaukan kan tsauni na watan Yuli sukan ƙare watanni kafin lokacin, kuɗinsu kuma ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, shi ya sa muka ɗauko tanti.

Da la'asar sakaliya muka iso wani masauki a ƙarƙashin mashigar Col du Bonhomme, mai tsayin mita 2,329. Takalman matafiya jere a bakin ƙofa, don ba a shiga da su, ƙamshin miya na fitowa ta taga. Dattijuwar da ke kula da wurin ta nuna mana wani tudu mai tsakuwa ta ce, "'Ya'yana, can za ku kafa." Na dubi tudun, iska sai kaɗawa take yi. Na leƙa gangare, ga wani lungu a bakin ƙorama, ciyawa lub-lub kamar katifa. Abokina ya ce mu bi maganarta. Ni na dage, har ya haƙura.

A lokacin ban san cewa iska mai sanyi gangarowa take yi da dare ta kwanta a kwari ba. Kafin goma raɓa ta jiƙa tantin sharkaf, haƙorana na kaɗawa. Can cikin dare walƙiya ta haska, na fara ƙirge. Kowace daƙiƙa uku tsakanin walƙiya da tsawa, nisan kilomita ɗaya ke nan. Na ƙirga tara. Na ƙirga shida. Daga nan ruwa ya kece.

Ba tsawar ce ta fi ba ni tsoro ba. Muryar ƙoramar ce ta sauya. Ɗazu tana 'yar waƙarta, yanzu tana gurnani, kana jin duwatsu na karo da juna a cikinta. Na dafa ƙasan tantin, na ji ruwa na motsi a ƙarƙashin tafina. Abokina yana ta salati. Muka fito da tocila a baki, muka tumɓuke turaku, muka ja tantin da kayan ciki zuwa tudun nan, muna santsi muna tashi. Har yau in na tuna ni na kai ɗan mutane wurin, sai gabana ya faɗi.

Tudun bai riƙe ruwa ba ko kaɗan, tsakuwa ta shanye shi. Muka zauna a takure har gari ya waye.

Da safe na gangara neman turke ɗaya da ya ɓace. Inda muka aza kawunanmu jiya, yashi da ƙananan duwatsu sun rufe ciyawar, ta kwanta duk ta fuskanci gangare.