Dabinon Dutse Da Bulalar Ƙwayar Cuta

Wanda ya taso daga Kano ya bi ta Wudil, ya karya a Kwanar Huguma, abu biyu ne za su fara yi masa maraba a Dutse: manyan duwatsun da garin ya ci sunansu, da kuma itatuwan dabino. Garin ya zama hedkwatar Jihar Jigawa a 1991, amma tsohon gari yana nan a Garu, inda fadar Sarki take.

A gindin wani dabino na zauna da wani malamin kimiyya, muna zancen kwalara, watau amai da gudawa, wadda ta yi wa jihar ɓarna a daminar 2021. Na ce, "Malam, shin yaya abin da ido ba ya gani yake tafiya a cikin ruwa?" Ya ce yana da wutsiya, wadda masana suke kira bulala. Sa'an nan ya nuna mini kan dabinon, ya ce in duba, haka take tsiro.

To, mai karatu, ga bayanin. Gashin mutum daga tushe yake ƙaruwa. Dabino kuwa daga kai yake ƙara tsawo, ruwa na hawa ta cikin gangar jikinsa zuwa sama. Bulalar bakteriya hanyar dabino ta bi. Wani masani ɗan Japan, Tetsuo Iino, shi ya nuna haka a 1969, a kan ƙwayar Salmonella, dangin mai kawo zazzaɓin taifot.

Ginin yana bin tsari, ba a tsallake mataki. Da farko ƙwayar tana kafa harsashi a cikin fatarta, watau zobba da wata 'yar ƙofa ta fitar da kaya. Bayan haka sai sanda, sa'an nan wata gaɓa mai lanƙwasa kamar ƙugiya. Akwai ma'auni na musamman da yake auna ƙugiyar. Idan ta kai tsawonta, sai ƙofar ta daina fitar da kayan ƙugiya, ta koma fitar da tubalan bulala.

Nan abin mamaki yake. Kaurin bulalar bai wuce kashi 1 cikin 50,000 na milimita ba, amma duk da haka tana da rami a tsakiya kamar bututu. Ana yin tubalan furotin a cikin ƙwayar, a warware su kamar zare, a tura su ɗaya bayan ɗaya ta cikin ramin har ƙarshe. Can a kai akwai wata hula mai ƙafa 5, ita take tare kowane tubali har ya naɗe ya zauna a gurbinsa. Idan babu hular, tubalan sai su zube a banza. Bulala guda takan ci tubali wajen 20,000, ba magini, ba tsani.

A 1973 Howard Berg da Robert Anderson suka kawo hujjar cewa bulalar juyawa take yi kamar farfela, harsashin nan kuwa shi ne injinta. Ƙwayar kwalara bulala ɗaya gare ta a ƙarshen jikinta, tana taimaka mata ta ratsa majinar hanji ta kai inda za ta yi ɓarna.

Da na tashi tafiya na ga yara suna jan ruwa a wata rijiya marar murfi. Ruwan garau yake, amma ido ba ya tantance shi. Jama'a, bulalar nan ba ta iya kai ƙwayar daga masai zuwa randa. Hannunmu da gugarmu da ambaliya su suke kai ta. A rufe rijiya, a nisanta masai da ita, a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu. Allah Ya kiyaye mu, amin.