Gudun Hunturu Zuwa Tafkin Togo

Idan sanyi ya kama a ƙasashen Turai, masu hali daga cikinsu sukan kwashi iyalansu su shiga jirgin sama zuwa tsibiran da rana ba ta yankewa, irin su Martinik da Gwadalup da Kanari. Mu Hausawa ma mun daɗe da sanin wannan dabara, don kuwa masu cin rani da ke gangaro mana daga Maraɗi da Sakkwato har da sanyin arewa suke baro wa. To, mu da ke Zongon Lome fa, ina muke kai yaranmu idan hunturu ya busa a Disamba, leɓe ya tsage, tari ya cika aji?

Ba sai mun nemi fasfo ba. Kogin Ziyo, wanda ya ratsa ta Togblekope kusa da gidajenmu, can yake zubawa cikin Tafkin Togo. A hutun makaranta na ƙarshen shekara muka bi sawunsa da iyali. Muka ɗauki hanyar Aneho, teku na hannun dama, itatuwan kwakwa sun yi sahu. Tafiyar kilomita 30 da 'yan kai ce zuwa Agbodarafo. Tun a hanya aka ji iska ta yi laushi, hanci ya buɗe. Sai dai teku na cin gaɓar nan tun bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Lome a 1968, har ta haɗiye tsohuwar hanyar mota.

A Agbodarafo muka fara da Gidan Bayi, wanda aka gina wajen 1835. A ƙarƙashin daɓen katako akwai rami inda ake ɓoye bayi kafin a sa su a jirgi, mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Yaran da suka yini suna surutu, nan suka yi tsit.

Daga nan sai bakin tafki. Tsawonsa kamar kilomita 15 ne, faɗinsa kuwa 6. Ba shi da zurfi ƙwarai, shi ya sa masu kwale-kwale ke tura shi da doguwar gora. Garin Togobil da ke tsallake ba tsibiri ba ne, akwai hanyar ƙasa ta bayansa, amma wanda ya je masa ta ruwa zai rantse tsibiri ya sauka. Daga sunan garin nan ƙasar ta samo nata. A ranar 5 ga Yuli 1884 Bajamushe Gustav Nachtigal ya ƙulla yarjejeniya da wakilin Sarki Mlapa, mulkin Jamus ya kafu har 1914. Cocin da aka gina a 1910 tana nan, kuma Paparoma ya ziyarci garin a 1985. Akwai wuraren bautar gargajiya a cikin unguwanni. Mun ja kunnen yara: a gaida mutane, a duba da ido, ban da taɓawa, ban da dariya.

Jama'a, abin da ya sa muke wannan bayani shi ne, tun da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka maido mu nan, mun yi nisa da teku. A cikin ajinmu akwai yaran da aka haifa a Lome, sun haddace sunan Togobil don jarrabawa, amma ba su taɓa ganin ruwan tafkin ba. Yaron da bai san ƙasarsa ba, idan aka kira shi baƙo, da me zai amsa? Gani ya kori ji.

Ga mai niyya, a yi sammako, a dawo kafin magariba. A riƙe guzuri da buta da tabarma. A daidaita kuɗin zuwa da dawowa kafin a shiga kwale-kwale, kada a yarda a cika shi fiye da kima, yara ƙanana kuma su zauna tsakiya kusa da iyaye. Gida biyu ko uku na iya haɗa kuɗin mota. Allah ya kai mu hutun lafiya, amin.